Desmond Doss: Sojan da Ya Je Yaƙi Ba Bindiga

Ranar 12 ga Oktoba, 1945, Shugaban Amurka Harry Truman ya rataya wa wani siririn kofur lambar yabo mafi girma da ƙasar ke bai wa soja. Hannun kofur ɗin na hagu bai gama warkewa ba, ƙafafunsa kuma duk tabon gutsattsarin gurneti ne. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi yaƙi a Guwam da Filifin da Okinawa, amma bai taɓa harbin kowa ba, bai ma yarda ya rataya bindiga ba. Sunansa Desmond Doss, shi ne mutum na farko da ya ƙi ɗaukar makami saboda addininsa kuma ya sami wannan lamba.

An haife shi ranar 7 ga Fabrairu, 1919, a Lynchburg cikin jihar Birjiniya. Mahaifinsa kafinta ne, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Farko, wanda matsin tattalin arziki ya tura shi ga kwalba. Mahaifiyarsa ce ginshiƙin gidan, ita ta rene shi a ikilisiyar Adbantis, masu sujada ran Asabar. A bangon ɗakinsu akwai hoton Dokoki Goma, kowace doka da zanenta. Kusa da doka ta shida, "Kada ka yi kisankai," an zana Kayinu tsaye a kan gawar ƙanensa Habila. Yaron ya sha tsayawa yana kallon zanen nan yana mamakin yadda ɗan'uwa zai yi wa ɗan'uwansa haka. Wata rana kuma abin ya kusa fitowa daga zane ya shigo tsakar gida: mahaifinsa, cikin maye, ya zaro bindiga a kan surukinsa. Mahaifiyar ta shiga tsakani, ta karɓe bindigar, ta miƙa wa Desmond ta ce ya ruga ya ɓoye. Daga ranar ya ɗau alkawari hannunsa da bindiga sun rabu.

Karatunsa bai wuce aji takwas ba, ya fita neman abin taimakon gida. Lokacin da Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka, a Disamban 1941, yana aikin katako a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa da ke Newport News. Aikin nan na cikin waɗanda gwamnati ke ɗage wa masu yin su shiga soja, da ya so da ya yi zamansa. Bai so ba. Ranar 1 ga Afrilu, 1942, yana da shekara 23, ya sa kaki. Dokar ɗaukar soja ta 1940 ta tanadi matsayi ga wanda addininsa ya hana shi kisa amma ya yarda ya yi aikin da ba na makami ba, kuma a wannan matsayi aka rubuta shi. Shi kansa bai son a kira shi mai ƙin yaƙi. Cewa yake shi mai ba da haɗin kai ne: zai sara wa tuta, zai yi fareti, zai je duk inda aka tura shi. Abu biyu kawai ya ware, bindiga da aikin yau da kullum ran Asabar, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar.

Aka tura shi Runduna ta 77, Rejimenti ta 307, a barikin Fort Jackson, inda ya zama sojan jinya. A nan ya fara shan wuyar da ba ta abokan gaba ba. In ya durƙusa gefen gadonsa da dare yana addu'a, takalma ne ke biyo bayansa. Wani ya ce masa ran da aka shiga fagen daga shi zai fara harbewa. Dole a yi wa mutanen nan adalci kaɗan: sojan ƙasa rayuwarsa a hannun na kusa da shi take, wanda kuma ba ya riƙe bindiga, a lissafinsu, giɓi ne a cikin layi. Ga shi kuma duk Asabar yana neman izinin zuwa sujada alhali su suna share bariki. Ba su duba cewa shi ke karɓar aikin Lahadi gaba ɗaya ba. Hafsoshi suka gwada canza masa wuri, suka gwada tilasta masa riƙe bindiga, daga baya suka nemi a sallame shi a matsayin mai taɓin hankali. Wannan ƙofa ce a buɗe, da ya sa hannu da ya koma gida lafiya. Ya ƙi, ya ce ba zai zama Kirista na gari ba in ya yarda a rubuta bangaskiyarsa a takarda da sunan ciwon hauka. Maganar sallama ta mutu a nan, don babu dokar da ya karya.

A watan Agustan 1942 ya yi aure. Amaryar ta ba shi ƙaramin Littafi Mai Tsarki wanda ke shiga aljihun riga, shi ne ya bi shi har Okinawa.

Kafin a kai ga dutsen da ya sa aka san shi, yana da kyau a san menene aikin sojan jinya a wancan yaƙin, don mutane da yawa na ɗauka jarunta ce kawai. Sana'a ce, mai ƙa'idoji, kuma kuskure ɗaya kan kashe wanda harsashi ya bari da rai. Jakunkunan da yake ratayawa a kwiɓi biyu na ɗauke da bandeji mai kauri a naɗe, da hodar salfa da ake barbaɗawa a rauni don hana shi ruɓa, da almakashi, da ɗaurin tsayar da jini, da allurar mofin, da ɗan littafin katin da ake cikewa a ɗaura wa wanda aka yi wa magani. In ya isa wurin wanda ya faɗi, tsarin ba ya canzawa. Ya fara jawo shi inda harsashi ba ya kaiwa, ya yanke kaki da almakashi don ya ga raunin da idonsa, ya juya mutumin ya nemi inda harsashin ya fita, don ramin fita ya fi na shiga girma kuma sau da yawa shi ke zubar da jinin da ba a gani. Sai ya danne, ya ɗaure. In jinin na tsartuwa daga hannu ko ƙafa, sai ɗauri a sama da raunin, a matse har jinin ya tsaya cak, a rubuta lokacin. Ɗaurin da bai matsu sosai ba ya fi rashinsa sharri, domin yana toshe hanyar komawar jini ya bar ta zuwa a buɗe, sai zubar ta ƙaru. A farkon yaƙin ana koyar da a riƙa sassauta shi lokaci lokaci, daga baya likitocin soja suka gane mutane na ƙarasawa ta wannan sassautawar.

Mofin kuma yana zuwa a ɗan bututu kamar na man goge baki, da allura a bakinsa, rabin giren a ciki, wajen miligiram 30. Ana soka shi a ƙarƙashin fata a matse, sannan a maƙale bututun da ya ƙare a wuyan rigar majinyacin. Dalilin maƙalewar shi ne wanda ya zubar da jini da yawa jikinsa ya yi sanyi, maganin ba ya bin jini da wuri. Yana ta kuka, wani ya zo ya ƙara masa, wani ya sake ƙarawa. Sai an kai shi asibiti jiki ya ɗumama, allura uku su taso lokaci guda su tsayar da numfashi. Ba a kuma bai wa mai rauni a kai, kamar yadda ba a bai wa wanda aka harba a ciki ruwan sha, ko da yana roƙo da hawaye.

Mafi wuyar duka shi ne ƙarin ruwan jini, wato filasma. Yana zuwa a kwalba biyu, ɗaya da busasshen gari, ɗaya da tataccen ruwa. Ana haɗa bakinsu da allura mai kai biyu, kwalbar garin da aka zuƙe wa iska ta janye ruwan, a juya a hankali kamar minti uku har ya narke. Sannan a nemi jijiya a hannun mutumin da jijiyoyinsa suka riga suka lotsa, a ɗaga kwalbar sama da shi har ta ƙare. Ba ya bukatar gwajin rukunin jini, shi ya sa ya dace da fagen daga, amma ba ya ɗaukar iska kamar cikakken jini. Lokaci kawai yake saya wa mutum. Ka lura kuma, mai riƙe da kwalba a sama ba ya iya kwanciya ya ɓuya.

A yaƙin tekun Fasifik akwai ƙarin masifa. Sojojin Japan kan nemi masu jinya da gangan, don faɗuwar ɗaya na karya zuciyar rukuni guda. Saboda haka da yawa suka cire alamar jan gicciye daga hannu da hular kwano, suka ɗauki ƙaramar bindiga. Doss ya shiga wannan fage ba ko wuƙar yaƙi.

A Guwam, cikin Yulin 1944, aka fara sauya magana a kansa. Yana bin 'yan sintiri ko ba a sa shi ba, don a ganinsa inda za a ji rauni nan ne wurin aikinsa. Ƙafar da ta yi kanta saboda tafiya, zawo, zazzaɓi, duk yana bi ɗaya bayan ɗaya. A Leyte ta ƙasar Filifin ya ƙara, ya fito da lambar Tauraron Tagulla har biyu. Masu jifansa da takalmi suka koma in za a fita sai sun waiga sun ga yana nan.

An sauka Okinawa ranar 1 ga Afrilu, 1945, kuma kafin a gama a watan Yuni Amurkawa fiye da 12,000 sun mutu. A ƙarshen Afrilu aka kawo bataliyar su Doss gindin tsaunin Maeda, mai tsayin ƙafa 400. Ana iya hawan yawancinsa da ƙafa da hannu, amma ƙafa talatin da 'yan kai na ƙarshe a miƙe suke kamar bango. Cikin dutsen kuwa duk kogo ne da ramuka masu haɗe da juna, Japanawa na ciki. Dabararsu ita ce su bari a hau, a taru a sama inda ba mafaka, sannan su buɗe wuta. Aka kawo ragar igiya irin wadda ake sauka da ita daga jirgin ruwa, Doss na cikin mutum ukun da suka hau suka ɗaure ta.

Ranar da abin ya ɓaci, suna kaiwa sama aka yi musu ruwan igwa da na bindigogi masu sarrafa kansu. Mutum kusan 75 suka faɗi, sauran suka gangara ta raga. Doss ya tsaya. Matsalar da ke gabansa ta lissafi ce kafin ta zama ta ƙarfin zuciya: gadon ɗaukar majinyaci mutum huɗu yake so, shi kuwa shi kaɗai ne, siriri, ga mutanen da suka fi shi nauyi, ga bango a ƙasa. Ya fara da ɗaure su a kan gadon yana zurarawa, amma aikin na cin lokaci, kuma gado in ya karkata mutum na iya zamewa. Nan ya tuna wani ƙulli da ya taɓa yi a atisayen hawan duwatsu a Birjiniya ta Yamma.

Ƙullin sananne ne wurin ma'aikatan jirgin ruwa. Ana yin ɗan zobe a jikin igiya, a zuro bakinta ta cikin zoben daga ƙasa, a zagaya da shi bayan doguwar igiyar, a mayar da shi cikin zoben, a ja. Abin da ke fitowa madauki ne da ba ya zamewa kuma ba ya matsewa, kome nauyin da aka rataya masa. Nan ya bambanta da zarge. Da zarge ya sa wa mai rauni a ƙirji, nauyin jikin mutumin ne zai riƙa matse shi har numfashi ya gagara, balle wanda haƙarƙarinsa ya karye. Abin da Doss ya gano shi ne in ka ninka igiyar biyu kafin ka ƙulla, madauki biyu kake samu. Sai ya zura ƙafa ɗaya a kowane madauki har cinya, ya zagaya ragowar igiyar a ƙirji ya ɗaure, mutum ya zauna kamar a kujera, ko ya suma ba zai kife ba. Ɗaya bakin kuma ya naɗa a kututturen wata bishiya da ke bakin gaɓar. Gogar igiya a jikin itace ita ke ɗauke yawancin nauyin, shi nasa sassautawa ne kaɗan kaɗan. In naɗin ya yi yawa igiya ta cije, in ya yi kaɗan ta ƙwace ta sale tafin hannu, mutum ya faɗa. Na ƙasa su kwance ƙullin, ya janyo igiyarsa, ya koma da rarrafe ya jawo wani.

Addu'ar da ya ce yana maimaitawa gajeriya ce: "Ya Ubangiji, taimake ni in samo ɗaya kuma." Ba ta fi haka ba. Mai neman mu'ujiza a labarin nan zai same ta, don an yi ta harbi a wurin da mutum ɗaya ke kai da kawowa a fili bai faɗi ba. Amma addu'ar ba ta ɗaura ƙullin ba. Hannun da ya koyi aikinsa da kyau tun a bariki, lokacin da ake masa dariya, shi ya ɗaura. Da aka zo ƙirga, hafsoshinsa suka ce mutum 100 ya sauko da su, shi ya ce ba za su wuce 50 ba. Aka raba gardama aka rubuta 75.

Takardar lambar yabonsa ta jera abin da ya biyo baya rana rana. Ran 2 ga Mayu ya fita yadi 200 gaban layi ya ɗauko mutum ɗaya. Bayan kwana biyu ya matsa har yadi 8 daga bakin kogon da ake jefo gurneti, ya ɗaure wa mutum huɗu rauni, ya yi sawu huɗu yana kwashe su. Ran 5 ga Mayu ya yi wa wani hafsan igwa ƙarin filasma harsasai na faɗuwa kewaye da su, can an jima ya rarrafa har ƙafa 25 daga maɓoyar abokan gaba ya saɓo wani ya yi yadi 100 da shi. Wannan rana Asabar ce. Shi kaɗai ya rage mai jinya a kamfanin, wato rukunin sojansu, kyaftin ya zo da kansa ya roƙe shi ya bi su. Ya ce zai je, a bar shi dai ya gama karatun Littafinsa. Aka jinkirta farmakin, sojojin da dā suke jin haushin Asabar ɗinsa suka tsaya jiransa. Bai ga saɓani a nan ba. Share bariki aiki ne da zai iya jiran Lahadi, jinin da ke zuba ba ya jira, kuma Yesu da kansa ya ce halal ne a yi alheri ran Asabar, kamar yadda yake a Matiyu 12:12. Cikin waɗanda ya yi wa jinya a tsaunin nan har da wani hafsa da ya yi ƙoƙarin a raba shi da kamfanin tun a Amurka.

Daren 21 ga Mayu, kusa da garin Shuri a Okinawa, gurneti ya faɗo ramin da yake. Ya kai masa ƙafa, ya tashi da shi, gutsattsarin ƙarfe 17 suka shige jikinsa. Bai kira wani mai jinya ya fito daga maɓoya ba, ya ɗaure kansa ya jira awa biyar. Da masu gado suka ɗauke shi, sai ga farmakin tankokin yaƙi. Ya hango wani da ya fi shi jin jiki, ya mirgino daga gadon ya ce a ɗauki wancan. Ana cikin haka maharbin ɓoye ya same shi a hannu, ƙashi ya karye ya huda fata. Karaya irin wannan in ba a kafe ta ba, bakin ƙashin na iya yanke jijiya a kowane motsi. Ya nemi gindin bindiga ya ɗaura a matsayin karan ɗori, ya ja jiki yadi 300 zuwa wurin jinya. Amfanin da bindiga ta yi masa a yaƙin duniya ke nan.

A jirgin asibiti ya laluba aljihu ya ji ba Littafin. Labari ya koma wa kamfaninsa, mutanen suka bazu a filin da aka yi faɗan suna tono cikin laka har suka samo shi, suka busar, suka aika masa.

Galibi a nan ake tsayar da labarin, alhali mafi tsawon jarrabawarsa na gaba. A 1946 aka gano yana da tarin fuka, wanda ya kwaso a Leyte. Ya yi shekara biyar da rabi yana shiga asibiti yana fita, aka cire masa huhu ɗaya da haƙarƙari biyar. Da aka sallame shi a Agustan 1951, an rubuta nakasarsa kashi 90 cikin ɗari. Aikin katako ya gagara. Suka koma wata 'yar gona a Rising Fawn cikin jihar Jojiya, matarsa ta yi karatun jinya ta riƙe gidan, suka reni ɗansu guda. Magungunan tarin fuka na zamanin, irin su streptomycin, an san suna lalata jijiyar ji in sun yi yawa, kuma kunnensa ya yi ta raguwa har ya kurmance sarai a 1976. Shekara goma sha biyu bai ji muryar matarsa ba, bai ji waƙar sujada ba, sai a rubuta masa a takarda. A 1988 aka dasa masa na'urar ji a cikin kunne. Bayan shekara uku, a Nuwamban 1991, yana tuƙa matarsa zuwa asibiti inda ake mata maganin ciwon daji, motar ta kife, ta rasu. Wanda ya sauko da mutum 75 daga bakin mutuwa bai iya yi wa ta kusa da shi kome ba. Ya ci gaba da zuwa sujada. Ya sake aure a 1993.

Duk tsawon shekarun nan, in ikilisiya ko makaranta ta gayyace shi yakan je, musamman wurin ƙungiyoyin matasa. Ba gwanin magana ba ne, kuma in aka yabe shi yakan mayar da yabon ga Allah da kuma waɗanda ba su dawo ba. Abin da ya fi sakin jiki da shi shi ne a miƙo masa igiya. Sai ya ninka ta biyu, ya yi ɗan zoben, ya zura, ya zagaya, ya ja, ya ɗaga madaukan nan biyu yara su gani, sannan ya kwance ya ce wani ya zo ya gwada.

Ya rasu ranar 23 ga Maris, 2006, a Piedmont ta jihar Alabama, yana da shekara 87. An binne shi ran 3 ga Afrilu a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Chattanooga.